Gawayin Munawwara

Tun da Munawwara ta dawo Farin Dutse daga jami'a a Kano take kaffa-kaffa da wata kwalba. Baƙin gari ne a ciki, mai laushi kamar kwalli. Mahaifinta Maikano ya tambaya, ta ce ɓawon gyaɗa ne ta ƙona a wata na'ura, ta wanke, ta sake wankewa, shekara guda tana abu ɗaya. Da shi za ta haɗa batir mai riƙe wutar sola. Shi za ta kai wa malamanta su gwada, idan babu shi babu kammala karatu bana.

"Wato gawayi," in ji Maikano.

"Gawayi ne, Baba, amma ba irin na murhu ba."

Ranar da ta tafi Birnin Kudu gaida gwaggonta, saniyar gidan mai ciki ta faɗa gona ta ci gyauron dawa. Kafin azahar cikinta ya kumbura, ta kwanta tana kumfa. Maikano ya san abin da ubansa yake yi: a daka gawayi a ɗura. Murhu kuwa toka ce zalla, matarsa Kaltume da kara ta yi girki. Bai tsaya shawara ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalbar, ya juye a ƙwarya, ya dama, ya ɗaga kan saniya ya ɗura mata tas.

Da la'asar Munawwara ta yi sallama, ta tarar da uwarta a bakin turmi tana dakan gawayin da ta roƙo a maƙwabta, kwalbar na gefe a buɗe.

"Inna, me kike yi?"

"Cika miki nake. Har na tankaɗe, ya fi naki laushi ma."

Munawwara ta ɗauki kwalbar ta leƙa. Ta dubi gemun ubanta da hannunsa, duk baƙi.

"Rai ne fa, har biyu," Maikano ya ce. "Ga buhun ɓawon gyaɗa can, ki ƙona wani."

"Baba, shekara guda."

"Ita saniyar a kwana ɗaya ta girma?"

Ya faɗa da ƙarfi, amma sai ya ga ta sulale ta zauna a ƙasa da mayafinta. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka binne kakarta. Sai a lokacin ya gane da gaske take, ba gatan kwalba take yi ba.

A garke saniyar ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta yunƙura ta miƙe. Kaltume ta ɗaga hannu za ta yi guɗa, ta dubi 'yarta, ta fasa.

Munawwara ta ciro waya ta kira malaminta. Maikano na tsaye yana ji ta ce, "Malam, ka cire sunana daga masu kammalawa bana."