Atishawar Bayan Bango

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, ko a tsaye ne.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Iya Mai Guga, don shekara talatin da ɗaya ta yi tana gugar zannuwan gado a wani otal, har kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta tilo yana aiki a wata ƙasa, yana kiranta ranar Asabar in bai manta ba.

Ɗakinta yana hawa na uku a wani gidan haya: gado, kujera, risho, sai taga mai kallon bayan wani gini. Gwiwar dama ta hana ta sauka sai dole, kunne kuma ya fara nauyi. Maƙwabta su fita da sassafe, su dawo a gajiye su ja ƙofa. Wata rana sai la'asar ta yi kafin ta lura ba ta ce uffan ba, sai ta yi gyaran murya don ta ji ko muryar tana nan.

Amma fa tana da mutum ɗaya. Bayan bangon da gadonta ya jingina da shi akwai wani da ba ta taɓa gani ba, don ɓangarensu matakalarsa daban, ƙofarsa wani titin take kallo. Kowace safiya wajen bakwai sai ya yi atishawa. Ba ɗaya ba, uku, ta ukun kamar za ta ɗage rufi. Sannan wata murya mai kauri ta ce, “Alhamdu lillahi!”

Ranar farko bakinta ne ya riga ta.

“Yarhamukallahu,” ta ce, da kofin shayi a hannu. Sai ta ji kunya ita kaɗai.

Washegari ta sake. Wasa-wasa aka yi shekara biyu. Har takan kashe risho da wuri don kada ƙararsa ta sa abin ya wuce ta. A ganinta a hankali take faɗa, ba ya ji. Ta ma zana shi a zuciya, wani ɗan siririn dattijo mai tabarau. Takan ce da kanta, mutum yana gode wa Allah a kan atishawa, ni mai ruwan zafi a hannu me zan ce? Sai ta gode ita ma, ta sha shayinta.

Ran wata Talata bakwai ta yi, shiru. Laraba shiru. Alhamis ta manna kunne a bango har wuyanta ya ƙage. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, kada a ce mutumin yana kwance a bayan ƙofa, rai ya yi halinsa, babu wanda ya sani. Ta san yadda hakan ke faruwa. Ta sha tunanin haka a kan kanta.

Da ɗanta ya kira ranar Asabar ta gaya masa.

“Iya, wane mutum? Ya sunansa?”

“Ban sani ba.”

“To kin gani. Ki bar wa masu gidan, kada ki je ki faɗi a matakala.”

Ta ce to. Lahadi da hantsi ta ɗauki sandarta. Hawa uku ta sauka tana hutawa, ta zaga kwana ta wuce shagon mai gyaran waya, ta sake hawa uku, gwiwa tana kuka tana ba ta haƙuri. Ta lissafa ƙofofi, ta tsaya a wadda ta yi daidai da ɗakinta. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama.

Wani ƙaton mutum ya buɗe, mai sanƙo da tumbi, tawul a kafaɗa. Ya saki baki.

“Sake faɗa,” ya ce.

“Me zan sake?”

“Ke ce! Wallahi muryar ce! Iya, ashe kina raye?”

“Ni kake tambaya? Ni da na zo duba gawarka?”

Ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Ya ja mata kujerarsa guda ɗaya, shi ya zauna a bakin gado. Ashe kafinta ne, ƙurar katako ce ta addabi hancinsa. 'Yarsa nas ce, ita ta ja shi wurin likita aka ba shi wani maganin fesawa, atishawa ta ɗauke cak.

“Kwana biyar ina kasa kunne, shiru. Na ce shi ke nan, tsohuwar nan ta tafi.”

“Yo kai ka yi atishawar ne da zan amsa? Ji mutum!”

“Na so in yi ta ƙarya, sai na ji kunyar Allah. Har barkono na shinshina, Iya. Maganin ya fi ƙarfinsa.”

Ta yi dariya, sannan ta tsaya.

“Dama kana ji na?”

“Ji? Har na hawan ƙasa suna jin ki.” Ya shafa sanƙonsa. “Ai kullum ina mayar miki. Yahdikumullahu. Ban taɓa fashi ba.”

Iya ta taɓa kunne. Shekara biyu ana yi mata addu'a ta bango, kunnenta bai ɗauko ko ɗaya ba. Ta dubi bangon ta wannan ɓangaren, ba komai a jikinsa sai ƙusa da wata tsohuwar kalanda.

“Tun da matata ta rasu,” in ji kafinta, “ke kaɗai ce ke magana da ni kafin in fita. Ko in bar fesa maganin?”

“Kul! Kana so 'yarka ta ce ni na kashe ka?”

Ya haɗa mata shayi da sukari ya yi masa yawa, ta shanye tas. Ya riƙe hannunta suka sauka, ya rako ta har ƙofarta, yana mita cewa matakalarsu ta fi tasa tsayi.

Bayan nan yakan zago ran Lahadi ya gaishe ta, ya kuma gyara mata ƙafar kujera. Wata takwas aka yi a haka, sai 'yarsa ta ɗauke shi ya koma wurinta a wani gari, hancinsa lafiya lau. Wasu ma'aurata masu fita da sassafe suka kama ɗakin nasa. Ɗan Iya ya zo sau ɗaya da matarsa, suka yi kwana shida suka koma. Ita kuwa Iya tana nan a hawa na uku, ita kaɗai, gwiwar hagu ta bi sahun ta dama.