Yashi a Cikin Soja

Shekarar da aka karya darajar naira, har sojojin roba sai da suka rame. Ni Nata'ala, shekara goma sha ɗaya ina kasa kayan wasan yara a bakin Ƙofar Mazugal, ban taɓa ganin wulaƙanci irin na kamfanin da ke yin sojojin nan ba. Da, in ka ɗauki sojansu sai ka ji nauyi a hannu, kafaɗa na juyawa, hula ta sha fenti. Da roba ta yi tsada sai suka mai da shi holoƙo, ba komai a ciki, suka manne hannu da jiki, suka daina fenti, suka kuma ninka kuɗi. Ka tsayar da shi, ko tari ka yi ya kife.

Wuri ɗaya muke sari da Isyaku, maƙwabcin teburina, amma nasa tsaye suke ƙyam, nawa a kwance. Wai Isyaku! Mutumin da ni na nuna masa hanyar kamfanin. Ƙyashi ya hana ni sakat, ba zan ɓoye ba. Na sa masa ido har na gano dabarar: ƙafar yake hudawa da ƙusa, ya ɗura yashi, ya liƙe da wuƙa mai zafi.

Abin da ya fi ci mini rai Hajiya Turai ce ta Soron Ɗinki. Duk Sallah soja arba'in take saye a wurina ta raba wa jikoki da yaran unguwa, da cinikin nan nake ɗinka wa iyalina kaya. Bana kuwa sau biyu ina kama ta tana satar kallon teburin Isyaku.

Ana jibi Sallah aka kira la'asar. Mu a wurinmu ba a tashi gaba ɗaya: ɗaya ya tafi masallaci, ɗaya ya tsare tebur biyu, in mai saye ya zo ya sayar maka kamar nasa. Isyaku ya ce, "Malam Nata'ala, ga amana," ya wuce. Juya bayansa ke da wuya sai ga Hajiya, ta gaishe ni sama-sama, ta ɗaga sojansa tana jinjina shi a tafin hannu.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, kada nauyi ya ruɗe ki." Na zaro reza na farke cikin guda, yashi ya tsiyaye a cinyata. "Kin gani? Ha'inci ne zalla!"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ai na sani, Malam. Shi da bakinsa ya faɗa mini tun watan jiya. Yaro me ya dame shi da abin da ke ciki? So yake sojansa ya tsaya." Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai dai da aka bar wa tsaro, kai ka yanka masa kaya. Ƙulla mini arba'in, a nan teburin."

Wallahi da hannun nan nawa na ƙulla mata su a takarda, ɗaya bayan ɗaya, na ɗora wa ɗan dako, har da cewa Allah ya amfana.

Ina nan zaune, reza a hannu, yashi a riga, sai ga Isyaku ya fito yana gyara hula, fuskarsa fal fara'a.

"Malam Nata'ala, har an yi mini ciniki? Kai, Allah ya bar zumunci! Tashi maza ka je ka yi salla, ni zan tsare maka naka."