Wanda Ya Fara Sha

Fankar kwamfutar tana ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Musaddiq ya zuba wa allon ido, hannayensa a kan cinya. A bakin ƙofar shagonsa da ke Takur, abokinsa Sadisu mai gyaran janareta yana cin dabino, yana jefa ƙwallayen cikin gwangwani.

"Har yanzu layar ce ta hana ka sakat?" in ji Sadisu.

"Ba laya ba ce."

"To buɗe ta mu gani."

Abin da Sadisu ke kira laya yana nan a kan allon, kuma ba ya buɗuwa.

Da gyaran rediyo ya fara. Kwamfuta kuwa shi ya koya wa kansa, daga tsofaffin littattafai da tarkacen da ofisoshi ke zubarwa. A haka ya faɗa cikin wasu masu aikin sa kai, warwatse a ƙasashen duniya, da ke gina manhajar tafiyar da kwamfuta suna raba ta kyauta. Abin da ya ja shi gare su shi ne ba sa ɓoye komai. Duk layin da wani ya rubuta, kowa na iya karantawa. Sai ga shi rabon da ya faɗo masa shi ne abu guda da ba ya karantuwa.

Kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ya gano kuskure a cikinta bayan ta shiga hannun jama'a, yakan fitar da ɗan gyara a rufe ruf, ba mai ganin cikinsa sai su. Aikin Musaddiq shi ne ya karɓi gyaran, ya tabbatar da hatimin kamfanin, ya ƙunshe shi yadda manhajar za ta karɓa, ya sa sunansa, ya tura rumbun da dubban mutane ke ɗiba.

Wannan karon gyaran ya zo da jita-jita. An ce wasu tsofaffin kwamfutoci in an ɗura musu shi ba sa sake farkawa. In kuma an bar su haka, lokaci-lokaci sukan yi kuskuren lissafi ba tare da kowa ya sani ba. Gaba kura, baya sayaki.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, babu majalisar da ba a auna halal da haram a cikinta, kuma Sadisu ba ya barin wa'azi ya wuce shi a banza.

"Jiya malam ya ce ba a cinikin kifi yana cikin ruwa," ya ce. "Kai kuma ga ka kana raba buhu a ɗaure."

"Ai ba sayarwa nake ba."

"Kyautar maciji ma kyauta ce, injiniya."

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta sauka a kan gyambo. Musaddiq ya riga ya rubuta wa abokan aikinsa saƙon ajiye aikin, aikawa kawai ta rage. Ya san in ya saki, babu wanda ke jiran ɗauka. Ƙunshin zai zauna ba mai kula, maraya suke ce wa irinsa.

Ranar Juma'a ya hau babur zuwa Kiyawa, ta cikin gonakin geron da damina ta ɗaga har ya fi mutum tsawo. Niyyarsa ya kai wa mahaifinsa tambayar. Malam Jaji ya ƙare ƙuruciyarsa yana karantar da hadisi, bai taɓa cewa "an faɗa mana" a kan abin da bai ji da kunnensa ba. Yanzu idanunsa sun dushe, ga hawan jini.

Ya same shi a zaure a kan buzu. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Shiga ka fara duba innarka," in ji Malam. "Ta sha maganina."

"Maganinka, Baba?"

"An canza mini ƙwaya a asibiti. Da fara ce, yanzu ja. Ta ce ba ta yarda da launin ba. Ta raba ɗaya biyu, ta haɗiye rabi da yunwa a cikinta, ta je ɗora tukunya, jiri ya kwashe ta." Ya girgiza kai, murmushi na neman ƙwace masa. "Turmi ne ya tare ta."

Inna Kubura tana kishingiɗe a tabarma, filasta a goshinta, tana tsince wake a faifai kamar ba abin da ya faru. Musaddiq ya zauna kusa da ƙafafunta.

"Inna, maganin hawan jini ne. Ke jininki lafiya lau. Zai iya yi miki illa babba."

"Ai ka ga ina nan."

"Kin san abin da ke cikinsa?"

"Da na sani, me zai sa in sha?" Ta hure ƙaiƙayi daga tafin hannunta. "Tun da aka kawo ni gidan nan, jiƙo ne ko tsimi, babu abin da ya wuce maƙogwaron Malam bai bi ta harshena ba. Ku ma haka na yi muku. Kai har maganin tsutsa na sha saboda kai, na wuni ina zagayawa."

"Wannan an gwada shi tun kafin ya iso asibiti."

"Su suka gwada. Hannun likita ne zai miƙa masa, ko nawa?"

Musaddiq ya matso kusa da ita. Ya duba hannun nata, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, da tsohon tabon ƙuna kusa da babban yatsa. Ya kama shi ya riƙe.

"Ki yi mini alkawari ba za ki ƙara haɗiya ba. Don Allah, Inna. In kin faɗi, wa zai miƙa masa?"

Ta daɗe tana juya ƙwayar wake a yatsunta.

"To, zan riƙa lasa," ta ce.

Da lokacin magani ya yi, ta ƙi tashi saboda jirin bai gama sakinta ba. Ta ɗora jar ƙwaya a tafin hannun Musaddiq, ta ba shi ruwa a moɗa. Ya kai zaure.

Malam Jaji ya shafa ƙwayar da yatsa. "Irin wadda ta sha ce?"

"Ita ce, Baba. Wadda ta kayar da ita."

"To ai tana da ƙarfi ke nan." Ya yi bismilla ya haɗiye. Ya miƙa moɗar inda yake zaton ɗan nasa yake. "Na ji takunka da nauyi ɗazu. Akwai magana?"

Musaddiq ya karɓi moɗar. "Gaisuwa ce kawai, Baba."

Washegari da hantsi ya buɗe shago ya tarar an kawo wuta. Kwamfutarsa tana cikin tsofaffin da ake jita-jita a kansu. Ita kaɗai gare shi, gutsure-gutsure ya harhaɗa ta, kuma da ita yake buga wa mutane takardu ya ci abinci. Ya rufe saƙon ajiye aikin bai aika ba. Ya buɗe ƙunshin gyaran.

Sadisu ya leƙo da dabinonsa. "Za ka tura musu?"

"A'a. Tawa za ta fara sha."

"Taka? In ta ƙi tashi fa?"

"Sai in ara ta wani in gaya musu ta ƙi tashi, kada kowa ya taɓa."

"Har yanzu dai ba ka san abin da ke ciki ba."

"Ban sani ba," in ji Musaddiq.

Ya ɗura gyaran, ya umarci kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Fanka ta yi shiru. Allon ya yi baƙi ƙirin, fuskokinsu biyu suka bayyana a cikinsa. Sadisu ya daina tauna.

Suna jira. A cikin baƙin gilashin Musaddiq ya ga kansa ya ɗora yatsu biyu a goshi, daidai inda filastar Inna take.