Kwana ta Goma Sha Tara

Motar ta tsaya hancinta a jingine da ƙarfen da aka gitta a bakin kwazazzabo. Injin ya mutu, waifa kaɗai ke ta kai da komo a gilas. Can ƙasa, bayan kawunan itatuwan kwakwa, tafkin Maninjau na kwance, yayyafi ya dusashe shi. Yusnimar ta kasa sakin sitiyari. Shekararta hamsin da takwas, lasin ɗinta kuwa bai cika wata biyu ba.

"Ja birkin hannu," in ji mijinta, Bustami, daga kujerar gefe.

Ta ja.

"Kin ji ciwo?"

"A'a. Kai fa, Uda?" Haka take kiransa tun suna saurayi da budurwa, yadda matan garinsu ke kiran miji.

"Ni me ya rage a jikin nan da zai ji ciwo?"

Shekara talatin da shida Bustami ya yi yana jan bas daga bakin tafki zuwa birnin Bukittinggi. Hanyar hawan ke nan, kwana arba'in da huɗu, kowace a murɗe kamar ƙugiya, an kafa mata allo da lambarta. Direbobi kan ce ko da ido a rufe Bustami zai kai ka sama, shayinka bai zube ba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a tsakar gida, ya tafi da ƙarfin ƙafarsa ta dama da rabin na hannu. Likita ya ce sai an riƙa kai shi gashi sau biyu a mako a asibitin birni.

'Yarsu ɗaya tilo, Desmawati, mai koyarwa a Pekanbaru, ta ce su tattara su koma wurinta. Yusnimar ta dubi gidan katakon da ta gada daga uwarta, ta dubi gonar shinkafar da ke bayansa, ta ce ba inda za ta.

"To wa zai riƙa hawa da Baba?"

"Ni."

Desma ta yi dariya har da hawaye. Da ta ga ba wasa ba ne, sai ta bar mata ƙaramar motarta, ta ce ta ba su zuwa ƙaramar salla. In abin ya gagara, ba sauran gardama.

Wata biyu suka yi suna zagaye tafki a shimfiɗaɗɗiyar hanya, shi yana faɗa, ita tana kashe mota a gaban kowane masallaci. Yau ce ranar farko ta hawa. Da sassafe ya sa maƙwabci ya ɗora buhun shinkafa biyu a but, can bayan motar. "Mota in ba nauyi a gindinta, rawa take yi a kwana," ya ce. Sannan ya maimaita mata karatun da ya yi wa direbobi da yawa: "Kwana ba ta son matsoraci. Da kin shiga ki ba ta wuta, baya zai turo ki ki fita."

A kwana goma sha takwas na farkon hawan ta bi maganarsa, tayoyi na ƙara. A ta goma sha tara ruwa ya gangaro da jar ƙasa ya shafe kwalta. "Wuta, Yus! Ba ta wuta!" Ta taka totur, ta murɗa sitiyari har ya ƙure. Motar ta yi kunnen uwar shegu da ita, ta miƙe ɗoɗar zuwa ƙarfen.

"Na murɗa, Uda," ta ce yanzu. "Wallahi na murɗa har ƙarshe. Ita ce ta ƙi."

"Mota ba ta ƙi. Direba ne dai..." Sai ya haɗiye sauran, don ya ga ta zaro waya daga jaka.

"Bari in kira Desma. Ba zan kashe ka a kan gida ba."

"Ajiye wayar nan. Zo ki buɗe mini ƙofa."

Ta zagayo da laima. Da ƙyar ya fito, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a wuyanta. Birai uku na zaune a kan ƙarfen suna kallonsu, ko gezau. Bustami bai dubi inda motar ta lotse ba. Ƙasa ya duba. Ya ja ƙafa zuwa baya, ya dawo gaba, ya sa bakin sanda ya taɓa taɓon da ya fantsama a ƙofofi.

"Kin ga nan?" ya ce. "Tayoyin gaba ne suka yi ta haƙa. Na baya ga sawunsu nan tsaf, biyowa kawai suke yi."

"To sai me?"

"Bas ɗina daga baya take turawa, kamar mai tura baro. Wannan 'yar mitsitsiyar da gaba take ja. Tayar da ke jan ta, ita ce kuma ke juya ta. An haɗa mata aiki biyu a kan santsi, ta saki duka."

"Wa ya haɗa mata?"

Ya yi gyaran murya. Wani biri ya sosa ciki.

"Shinkafar fa?"

"Ita ta danne mata baya ta ɗaga mata hanci."

"Uda, da ma ba ka sani ba?"

"Kaina ya sani. Ranar da Desma ta kawo ta ta gaya mini, na ce mata ni za ta koya wa mota?" Ya bugi ƙafarsa ta dama da sanda a hankali. "Wannan ce ba ta ji ba. Ga ta nan ko motsi ba ta yi, amma har yau ita ke tuƙi. Sabo turken wawa."

Yusnimar ta so ta ci gaba da kuka, sai dariya ta riga shi fitowa. "Shekara talatin da tara ina jiran ranar da za ka ce ka yi kuskure. Ashe sai a bakin rami!"

"Ni ban ce kuskure ba. Shinkafa na ce."

Suna tsaye wata motar kifi da ke gangarowa ta ci birki. Direban ya diro, wani ƙato mai furfura a gemu. Masrizal ne, wanda ya yi wa Bustami kwandasta shekaru da dama da suka wuce.

"Innalillahi! Maigida, kai ne? Lafiya kuke?" Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya girgiza taya. "Ba abin da ya karye. Uni Yus, yayata, koma baya ki huta, ni zan hau da ku. Kifi ya jira."

Yusnimar ta zaro makulli. Har ta fara miƙa masa.

"Rizal," in ji Bustami, "in taimako za ka yi, kwashe buhunan nan ka sauke mana a gida. Direba kam muna da shi."

Masrizal ya dubi tsohon, ya dubi matar da ɗankwalinta ya jiƙe. Ya kwashe buhunan. Sannan ya tsaya a tsakiyar hanya ya tare masu zuwa har ta ja da baya ta daidaita.

"Yanzu me zan yi?" ta tambaya, bayan ta ɗaura wa mijinta bel.

"Ki rage gudu tun kafin ki isa. Giya ɗaya. Ki danna oda, ki buɗe kwanar, kada ki matse ta ciki. Sai kin ga hancinta ya dubi inda za ki, sannan ki taɓa totur, kaɗan-kaɗan. In kin ji tana zamewa, ɗaga ƙafa, kada ki ƙara."

"Sannan fa?"

"Sauran ke za ki gaya mini. Ke kike jin ta a hannu."

Ta yi bismilla ta shiga. Motar ta bi kwanar ba gardama. Ta ashirin ma haka. A ta ashirin da uku sitiyari ya yi mata sakayau a hannu, gaban ya fara sulalewa waje. Ta ɗaga ƙafa. Sai ta ji tayoyin sun sake kama ƙasa, hancin ya dawo. Ba wanda ya ce mata komai. A ta talatin wata babbar bas da ke saukowa ta tsaya ta ba ta hanya, ta ɗaga wa direban yatsa biyu daga kan sitiyari, yadda ta sha gani ana yi.

Ruwa ya ɗauke. Sai wajen kwana ta talatin da bakwai ta lura ta daɗe ba ta ji muryarsa ba. Gabanta ya faɗi. Ranar da ciwon ya same shi ma da shiru ya fara.

"Uda? Uda!"

"Na'am."

"Me ya faru ka yi tsit?"

Ta saci kallonsa. Ya sauke gilas, ya ɗora haɓa a bakin taga kamar yaro a motar kasuwa.

"Ashe daga nan ana hango tafkin gaba ɗaya," ya ce. "Har rufin gidanmu, ina jin. Fasinjoji sun sha faɗa, na ɗauka surutu ne." Ya nuna ƙasa da hannu. "Yus, dubi abin ikon Allah."

Allo mai lamba talatin da takwas ya bayyana a gabanta. Ta rage gudu, ta mayar da giya ɗaya, ta danna oda.

"Ka kalle mana," ta ce. "In mun kai sama ka ba ni labari."