Rami Ɗaya a Dutsen Roni

Tun da aka ce wa Zubair ƙila akwai ma'adini a ƙarƙashin dutsen da ke bayan gonarsa a Roni, tuwo ya daina yi masa daɗi. Masu injin haƙa ba su ɓoye masa komai ba: sai an huda ramuka uku na gwaji kafin a san abin da ke ciki, kowane rami kuɗin bijimi ne, kuma ana iya tashi hannu wayam.

Shi ɗan cikin garin Kazaure ne, malamin makaranta, ko akuya bai taɓa kiwo ba. Amma matarsa Bilqis Bafulatana ce, kullum bakinta "shanunmu, shanunmu". Ran Juma'a da la'asar ya raka ta rugarsu, suka tsaya bakin garke, hasken yamma na zuba a fuskarta har ya kusa manta abin da ya kawo shi.

"'Yar Fillo," ya ce a hankali, "cikin shanun nan naki, in aka ɗauke uku ai ba za a ma lura ba."

Bilqis ta dube shi, ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa turke.

"Wayyo Kaɗo! Dama duk nawa ka ɗauke su? Waccan farar ta Kawu Yakubu ce. Mai karyayyen ƙahon nan ta Adda ce, yayata. Waccan kuwa aro ce, sai ta haihu a mayar wa mai ita. A ruga kowace saniya da mai ita, Malam."

Zubair ya ce, "To ke fa?"

"Bijimi ɗaya da karsana ɗaya. Su ke nan."

Kunya ta rufe shi. Ashe duk dukiyarta ce yake shirin zubawa a ramin da bai san ƙarshensa ba.

"A bar maganar," ya ce. "Dutsen ba gudu zai yi ba."

"A'a. Na gaji da ganin ana mayar mini da tuwona." Ta gyara mayafi. "Ɗauki bijimin, a huda ɗaya. In an ga alama, ka nemi masu kuɗi su shigo. In ba a gani ba, mun san dutse ne, mu shuka gyaɗarmu."

"In ya tafi a banza fa?"

"Namiji ne, dama kasuwa zai ƙare. Karsanar ce ba ta taɓuwa."

"Saboda me?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. "Mu ran suna muke ba jariri saniyarsa. Ita ma ta kusa samun mai ita."

Nan Zubair ya gane juna biyu gare ta. Sai ya tsallaka cikin garken da takalminsa na Juma'a, kashin shanu har idon sawu, yana tambaya, "Wacce ce? Bilqis, nuna mini ita!"