Turakun Malam Kassimu

Shekara ashirin da shida ke nan Malam Kassimu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Sokodé, yana hawa mota duk ƙarshen damina ya nufi Dapaong, daga nan babur ya kai shi wani tudu kusa da Korbongou. A can ya kafa turakun ƙarfe goma, a gefen gonar wani manomi, Karimu. Duk ƙasar da ruwa ya kwashe, turke zai ƙara fitowa, shi kuma ya auna ya rubuta.

Yana so ya nuna cewa in ruwa ya yi ta rage wa tudu kaya, tudun yakan taso a hankali kamar kwalekwalen da aka sauke wa buhuna, kwarin da ya karɓi yashin kuwa ya ƙara nutsewa. Littafi yake son ya rubuta kafin ya mutu. A zango, unguwarsu ta Hausawa, dariya ake yi masa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suna Lomé, in ya fara zancen ƙasa a waya sai su tuna suna da aiki. Karimu kaɗai ke tsayawa ya riƙe masa igiyar awo, ko da bai taɓa gane amfaninta ba.

Abin haushi, kowace shekara awon bai taka kara ya karya ba. Ga ruwa na gudu jajir, amma turaku suna nan yadda suke.

Bana da ya iso, kowane turke ya fito kusan taƙi guda. Ya auna, ya sake aunawa. Dattijo da furfura, har da gudu-gudu zuwa gidan Karimu don ya samu wanda zai gaya wa.

Gwamma, matar Karimu, ya tarar tana sussukar dawa.

"Mesiye, sannu da hanya," in ji ta. "Mai gida ya rasu tun kafin ruwan fari."

Ya zauna a kan turmi, ya yi salati, ya yi mata gaisuwa. Kaɗaici ya rufe shi.

"Ka yi haƙuri da ƙarafunanka," ta ce. "Shi ne kowace shekara in sun fito yake ɗaukar guduma ya mayar da su, don kar ka yi wannan doguwar tafiya ka tarar sun faɗi. Ni ba ni da ƙarfin bugawa."

Malam Kassimu ya dubi littafin awon da ke cinyarsa, ya rufe shi.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ina kabarin?"