Humrar Kaka Ba Ruwa Ba Ce

Duk Gure an san uwata, Ya Jannat, ba a juya ta. In ta kafe a kan abu, mai lallashi shi zai gaji ya nemi wurin zama. Ni ce Fa'iza, babbar 'yarta, kuma mutane sun ce halinta na kwaso. Su suka sani.

Muna tsakar gida muna tsince dabinon da aka kawo daga kwari Salihu ya bugo waya daga Yamai. Shi ne mijin ƙanwata Nafisa. Ya ce ta haihu, namiji, amma sai da aka yi mata aiki. Yaro lafiya lau. Uwar ce ta ƙi daɗi: ba ta ci, ba ta magana, in an miƙo mata jaririn sai ta juya fuska bango. Likitoci sun duba ɗinki sun ce babu matsala. Abu ɗaya kawai ta taɓa faɗa masa, wai ita ɗakin Kaka take son shiga.

Ya, kamar yadda muke kiran uwarmu, ta ajiye faifai. Ni ma na gane. Kaka Amina, uwar Ya, ita ta riƙe Nafisa tun daga yaye har aure. Ta rasu lokacin da cikin Nafisa ya tsufa, aka hana Nafisa hawa mota, ba ta ga gawa ba, ba ta zauna zaman gaisuwa ba. Kuma kafin Kaka ta kwanta ciwo ta haɗa humrarta ta ƙarshe. Da hannunta ta soya farcen turare ta daka, ta zuba sandal da miski da wasu abubuwan da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ta cika wata tsohuwar kwalba mai dogon wuya. Ta damƙa wa Ya, ta ce, "Wannan ta Nafisa ce. Ranar da ta sauka ki kai mata."

A gidanmu maijego ba ta fita arba'in sai da humrar tsohuwar gida a jikinta. Mu duka mun iya haɗawa, amma ta Kaka daban ce. In ta wuce ta lungu da safe, har azahar ana sanin ta wuce.

Salihu ya ce hanyar mota za ta kashe bayan Ya, don haka ya yanka mana tikitin jirgi daga Damagaram. Wana Aisami ne zai kai mu. Yana ganin Ya tana naɗe kwalbar da ɗankwali tana turawa cikin jakar hannu, ya ce, "Ya, sa ta a babbar jaka. Can akwai kwantirol, ana binciken kaya, ba a barin abu mai ruwa ya shiga da mutum."

"Babbar jakar da ake wurgawa kamar buhun kanwa? Ka taɓa ganin an ɗauki kaya da tausayi?"

"To za su karɓe."

"Su wa?" in ji ta, ta zuge jaka. Ni kuwa na goyi bayanta, don na taɓa ganin yadda 'yan dako ke yi wa kayan mutane a tasha.

Aisami ya sauke mu a filin jirgi, muka ba da babbar jaka, ya yi mana sallama ya juya, don yana da dabbobi a Alakos da ke jiransa. Muka shiga layi. Ban taɓa ganin inda ake wulaƙanta babba cikin ladabi irin wurin nan ba. Wani dattijo mai farin gemu yana gabanmu riƙe da wando, an sa shi ya cire bel. Kowa na zuba waya da makulli cikin faranti, farantin ya bi ta cikin wani akwati mai labule, mutum kuma ya ratsa wata ƙofa da ba ta da ɗaki. In ƙofar ta yi kuka a dawo da kai.

Ta yi wa Ya kuka. Awarwaronta ne na azurfa. Wata ma'aikaciya, an rubuta Nasira a ƙirjinta, ta ce, "Mama, a cire." Ya ta cire tana hararar ƙofar, ta sake ratsawa, Nasira ta shafa ta daga kafaɗa zuwa ƙafa. Duk wannan ta haɗiye. Na ma fara cewa a raina yau an ci sa'a.

Sai ɗan sandan da ke kallon allon akwatin ya ɗaga hannu. Saurayi ne dogo, na ji abokan aikinsa na ce masa Usmanu. Ya jawo jakar Ya gefe, ya buɗe, ya warware ɗankwalin, ya ɗaga kwalbar sama.

"Mama, wannan ba ta wucewa. Ruwa ne."

Ya ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, kai wane gari ne? Ruwa baƙi ka taɓa gani? Humra ce."

"Na san humra, Mama, uwata ma tana shafawa. Amma a nan duk abin da ke zuba ruwa muke ce masa. In ya fi wannan," ya nuna wata 'yar kwalba da ba ta fi yatsa biyu ba, "ba ya shiga."

"Mai ma ruwa ne?"

"Ruwa ne."

"Zuma?"

"Ruwa."

"To Allah ya sawwaƙe wa matarka ranar da ka ce ta ba ka ruwa."

Na bayanmu suka kwashe da dariya. Usmanu bai yi ba. Ya ce ko ta fita ta ba wanda ya rako ta, ko ta bar ta a nan. Na ce masa wanda ya rako mu ya kama hanyar Gure tuni. Na ce to a sa mana ita a babbar jakar. Ya ce an rufe, kaya sun riga sun shiga jirgi. Na roƙe shi, ni da ba na roƙo. Na gaya masa ta mamaciya ce, na gaya masa halin da Nafisa ke ciki. Ya sunkuyar da kai, ya ce wallahi ya ji, amma doka ce, ba ruwansa.

"Ɗazu ka ce komai ruwa ne," in ji Ya, "yanzu kuma ba ruwanka."

Usmanu ya nuna wani kwandon roba a ƙarƙashin tebur. Na leƙa. Gorunan ruwa ne rabi-rabi, da man shafawa, da wani yaji da ya fashe ya ɓata komai. Nan za a jefa abin da Kaka ta daka da hannunta tana haki. Raina ya ɓaci har na ji idona na zafi, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ni da wanda zan zaga. Yaron aikinsa yake yi, Aisami kuma ya faɗa mana tun a gida.

Aka fara kiran masu tafiya Yamai. Nasira ta matso ta ce a hankali, "Mama, ki yi haƙuri, ai ana sayar da humra a Yamai."

Ya ba ta ko dube ta ba. Ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar daga Usmanu, shi kuma ya saki, don ya ɗauka sallama za ta yi da ita.

"Ɗana, tambaya ɗaya. Jiƙaƙƙen tufafi yana wucewa?"

Usmanu ya ce, "Tufafi ai tufafi ne, Mama."

"Ko da gumi?"

"Ko da gumi."

"Madalla."

Ta sa haƙori ta cire toshiyar. Na ce, "Ya, me za ki yi?" Ta jawo gefen laffayarta, farar da ta sa don tafiyar, ta tara a tafin hannu ta fara tsiyayawa. Ta zuba a kafaɗa, ta zuba a ƙirji, ta cuɗa, ta juya wani gefen ta sake zubawa. Humrar da za ta yi wa Nafisa shekaru ana ɗiga ta da kan yatsa, ita ce ke bin yadi tana mayar da fari ruwan ƙasa. Ko ɗigo ba ta bari ya faɗi ƙasa ba. Da ta ƙare ta kifa kwalbar a tafinta ta buga, ta shafa abin da ya fito a wuya.

Ƙamshin ya tashi ya cika wurin. Layi ya tsaya. Wata mata a baya ta ce, "La ilaha, wannan ta tsofaffi ce." Ni kuwa sai na ga kamar in na waiga zan ga Kaka zaune bisa tabarmarta, hawaye suka zubo mini a gaban mutane.

Ya ta dangwarar da kwalbar a gaban Usmanu. "Duba. Da ruwa?"

"Babu, Mama."

"To ba ni abata."

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta mayar da awarwaronta ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggauta ba ko da ana ta kiranmu, sannan ta sake ratsa ƙofar nan ba wanda ya sa ta. Ƙofar ta yi kuka. Ba wanda ya ce ta dawo.

A cikin jirgi wani mai kwat ya yi ta atishawa yana harararmu. Na rama hararar har ya gaji. Ya kuwa ta ƙanƙame laffayar a jikinta, ta sa na rufe 'yar iskar da ke busowa daga sama, kada ta busar da ita. Sau ɗaya kawai na ji tana cewa, "Inna, ki yafe, ba haka kika ce in kai ba."

Salihu ya ɗauke mu kai tsaye zuwa asibiti. Nafisa na kwance fuska ga bango, ta rame har wuyanta ya fito. Jaririn na gefe cikin ɗan gado, ba mai kula shi sai wata ƙanwar Salihu. Na yi sallama, ba ta motsa ba. Ya ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a bakin gado ta warware laffayar daga jikinta, ta rage daga ita sai riga da zane, ta lulluɓa wa Nafisa tun daga kai.

Muka tsaya muna kallo. Sai muka ga yadin na motsi. Sai kuka, irin wanda ba ta samu yi ba ranar da aka gaya mata rasuwar. Ya ta zauna ta riƙe ta, ta bar ta ta yi mai isarta.

Da ta lafa ta fito da kai, ta ga kwalbar a hannuna. "Ina sauran?"

"Babu saura," in ji Ya. "Duka ke nan a jikinki."

Nafisa ta dubi kwalbar, ta dubi laffayar, ta kai gefenta hanci. Sannan ta yunƙura ta zauna da ƙyar, tana dafe da ɗinki, ta buɗe yadin ta miƙo hannuwa wajen ɗan gadon.

"Yaya, miƙo mini shi da sauri," ta ce, "tun ƙamshin bai tafi ba."